Shekarar da Na Ba da Aron Rijiyarmu

Kun ce ni na ɓata wasan Mushe Daniyel. Na ji, ko da ba a gabana kuke faɗa ba. Kun ce na sa hannu a takarda da rana tsaka, sannan na komo na yi rikicin tsufa, na jinkirta aikin mutane shekara guda cur, na sa ƴar'uwarku Ramatu kunya a gaban abokan zamanta. Jinkirin gaskiya ne. Kunyar Ramatu ma gaskiya ce, wata huɗu ta yi ba ta taka ɗakina ba, tana aiko da gaisuwa ta bakin babanku kamar ni ce na yi tafiya. Ban ba kowa haƙuri ba a lokacin, kuma ba haƙuri na zauna bayarwa yanzu ba. Na zauna ne don ku san abin da ya faru, tunda ku a Tawa kunka buɗe ido, ruwan famfo kunka sha, ba wanda ya taɓa jan guga a cikinku har tafin hannunsa ya sale.

Kun san ban shiga lekol, makarantar boko, da ƙuruciya ba. Sai da na aurar da ɗiya biyu kafin in zauna a rumfar yaƙi da jahilci, ina riƙe bik, alƙalamin boko, kamar muciya, mata suna dariya ina dariya. Da hannuna ya saki, ban tsaya ga rubuta wasiƙa ba. Na ɗauko labarin rijiyar ƙauyenmu da ke arewa da Barmu, na rubuta shi littafi huɗu, waɗanda kuke kira Igiyar Guga. Abin da ba ku sani ba shi ne, ba ƙirƙira na yi ba. Ina yarinya gida biyar ke shan rijiyar nan, uku manoma, biyu makiyaya. Wata safiya cikin bazara guga ya fito da gashi da ɗoyi, anka leƙa anka ga mushen akuya a ciki. Yara sunka kwanta ciwon ciki, ɗaya bai tashi ba. Nan da nan baki ya karkata ga gidan Agali, makiyayi, saboda kwana biyu kafin nan ya yi faɗa a kan layin shayarwa. Anka ɗauki sanduna, anka karya hannun ɗansa, sunka kwashe sunka yi arewa, har da ɗiyarsa Tekna, ƙawata da muke cin tuwo a akushi guda. Shekara biyu sunka yi kafin dattawa su komo da su. Ranar sulhu anka yanke igiyar gugan nan, kowane mai gida ya riƙe ta da hannunsa, anka binne ta a gindin rijiya, anka yi fatiha. Anka ce daga yau wanda ya sake kiran sunan wani gida a kan maganar nan, shi ya tono igiyar, alhakin yana wuyansa. Tun ranar ba a sake kira ba. An yi auratayya. Jikokin Tekna da jikokin wana har yau rijiya guda suke sha.

Ni ma da na zo rubutu ban tono ba. Na sake wa ƙauyen suna, na sake wa kowane gida suna, kuma a cikin littafi huɗu ban faɗi wanda ya jefa akuyar ba. Masu karatu sun tare ni a kasuwa sun fi a ƙirga, suna cewa Hajiya a faɗa muna a kunne. Nakan ce ban sani ba, kuma gaskiya nake faɗa.

Ramatu ce ta kawo Mushe Daniyel gidan nan. Malamin lise ne, makarantar sakandare, shi ya sa ake ce masa Mushe, mutumin kudu, Kirista, matarsa da Ramatu aiki guda suke yi a asibiti. Mutum ne mai ladabi, bai taɓa shigo mini da takalmi a tabarma ba. Ya ce ya karanta littattafaina sau uku, kuma shi da abokansa biyu suna son su mai da su wasa. Na ce wasan kwaikwayo na rediyo? Ya ce a'a. Wasa ne da mutum huɗu ko biyar za su zauna a tebur, kowa ya ɗauki mutum guda daga cikin labarin ya zama shi, ya yi magana da bakinsa, ya yanke shawara da kansa. Mutum ɗaya ke jan labarin. In anka zo inda ba a san abin da zai faru ba, sai a jefa wani ɗan dutse mai lamba a kowace fuska, abin da ya faɗo shi ne hukunci. Ba kamfani ba ne, in ji shi, su uku ne kawai da albashinsu da wasu masu son irin wasan a ƙasashen waje da sunka ce za su taimaka a buga.

Babanku yana kwance a rumfa yana saurare. Kun san shi, shekara talatin yana dillancin dabbobi a kasuwar Tawa, ba abin da bai gani ba.

"Mushe, wanga abu da ka hwaɗa, a wurinmu caca sunansa."

"Ba a sa kuɗi, Baba."

"To mi ake ci?"

"Ba a cin komai. Labari ake yi tare."

"Manya da gemu su zauna su jefa dutse, kuma ba a cin komai. Habsu, ba su. Ba su da lahiya, amma ba su da cuta."

Abin da ya kama ni shi ne da Daniyel ya ce ba saye zai yi ba. Izini yake nema na shekara biyar. Littattafan nawa ne, sunana yana bisa, bayan shekara biyar in na ga dama in karɓi abina. Na ce wannan ai mun san shi. Habbanaye ke nan, yadda Fulani ke ba ka aron saniya, ta haihu a hannunka, ka riƙe ƴaƴan, ka mayar da uwar. Ya yi murna da misalin har ya rubuta shi a takarda. Sannan ya roƙi in ara masa kayena, littafin ƴan lekol da na fara rubutu a ciki, wai don masu zane su ga yadda nake ganin ƙauyen. Na shiga ɗaki na ɗauko na ba shi, ban ko buɗe ba.

Kwantiragin da Faransanci anka rubuta shi, shafi shida. Ni Hausa kaɗai nake karantawa. Ramatu ta zauna tana fassara mini, ni kuwa kunnena kalma guda yake jira, sayarwa. Da ban ji ta ba, sai na saki jiki. Ta karanta inda anka ce suna da izinin amfani da sunaye da wurare da zane-zanen da ke cikin littattafai da kaye, na ce to. Zan faɗa muku gaskiya, hankalina yana ga bik. Rabin rayuwata da babban yatsa nake sa hannu, ana dangwala shi a tawada kamar na jariri. Ranar nan ga malamin lise a durƙushe yana jira in rubuta sunana. Na rubuta shi a hankali, harafi bayan harafi, har na ja masa layi a ƙasa. Alfahari ne, ba wani abu ba.

Wata bakwai sunka yi suna aiki. Wata Asabar da la'asar Ramatu ta ɗauke ni a babur zuwa gidan Daniyel in ga gwaji na ƙarshe, domin ranar Litinin za a tura komai Yamai a buga. Matarsa Rahila ta shimfiɗa mini darduma a kujera, ta kawo ruwan sanyi. Mutum biyar ne a tebur a tsakar gida, malamai da wani ma'aikacin gona. Da farko na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Wani ƙato mai sanƙo ya zama tsohuwar nan mai sayar da cuku ta littafi na biyu, yana ƙanƙantar da murya yana zagin mutane, na yi dariya har na share hawaye. Sun gane layin shayarwa, sun gane yadda ake auna zurfin rijiya da gaba. Na ce a raina saniyata ta samu makiyayi.

Can sai Daniyel ya jera kati biyar a kife a tsakiyar tebur. Ya ce yanzu an kai ga gaɓar wasan. Kowane kati gida guda ne. Tun kafin a fara ya jefa dutse a ɓoye, dutsen ya zaɓi gidan da ya jefa akuyar, su kuma masu wasa duk binciken da sunka yi don su gano shi ne. Sunka yi ta gardama, sannan mai sanƙon nan ya miƙa hannu ya buɗe kati guda, ya buga shi a tebur.

"Ga su nan. Gidan nan ne sunka kashe yaron."

Anka yi tafi. Ni ban tsaya ga sunan da ke bisa katin ba, sunan da na ƙirƙira ne, bai dame ni ba. Abin da na gani yana ƙasa da sunan, an zana shi babba da baƙar tawada: sanda biyu a tsaye, da ƙugiya ta ratsa su ta hagu. Shaidar gidan Agali ce, wadda suke sa wa raƙumansu da wuta a wuya, abin da su ke kira ejwal. Na buɗe sauran katin huɗu da hannuna. Kowane da tasa. Ga ta gidan ubana, tsagar kunne biyu da ɗigo. Sai a lokacin na tuna abin da ke cikin kaye. Sanda na fara rubutu hannuna bai iya dogon suna ba, sai in zana shaidar dabbobin gida a gefen shafi don kada in rikita wane da wane. Mai zanensu ya gani ya ɗauka ado ne na tsohuwa, ya kwafe su tsaf.

Na ce Mushe, zo. Munka koma zaure, Ramatu ta biyo mu.

"Wanga zane, ka san ko mine ne?"

"Alamar gida ce, Inna. Daga kayenki munka ɗauko. Mutanen waje sun so ta ƙwarai."

"Sunan mutane ne. Na gaske. Suna da rai."

Ya cire tabarau ya goge. Ya ce bai sani ba, kuma na yarda da shi. Ya ce zane abu ne mai sauƙi, za a iya sakewa kafin Litinin in mai zanen ya yarda ya kwana biyu yana aiki. Na ce to kiran gida fa? Ya ce nan ne ba zai iya ba. In ba a gano mai laifi ba, ba wasa, mutane za su zauna awa uku su tashi hannu wofi. Kuma ai adalci ne, in ji shi, tunda dutse ke zaɓe, yau wannan gida, gobe wancan, ba wanda anka ɗora wa laifin dindindin.

"Wato kowa zai samu rabonsa na zagi."

"Ba haka nake nufi ba, Inna."

"Mu mun binne igiya don kada a kira gida guda. Kai ka yi dabarar da za a kira duka biyar, kullum, a garuruwan da ba su ma san ɗoyin ruwan ba."

Ramatu ta sa baki. Ta ce Inna kin sa hannu, ni na karanta miki, kinka ce to. Ta ce mutanen ƙauye ba su karatu, wa zai kai musu wasan da za a buga da Faransanci? A nan ne Daniyel ya kau da kai. Na dube shi har ya yi magana. Ya ce sun buga gwaji uku a nan Tawa, da Hausa. Ɗaya shi ne na kan tebur. Ɗaya yana Yamai. Na ukun wani abokinsa majo, ma'aikacin jinya, ya ɗauka mako biyu da sunka wuce, yana aiki a wani ɗan asibitin ƙauye can wajen Barmu, yana son ya gwada da malaman lekol na wurin in rana ta yi sanyi.

Na san asibitin. A ƙofarsa makiyaya ke ɗaure raƙuma in sun kawo mara lafiya. Kuma na san mutanenmu, ba a yin abu a inuwa mutum goma ba su tsaya a kai suna kallo ba. Ba sai sun san dokar wasan ba. Ya isa wani ya buga kati a tebur ya ce ga waɗanda sunka kashe yaron, wani jikan Agali yana tsaye da akala a hannu. Na ce a kira majon. Daniyel ya kira sau uku, waya ba ta shiga, wurin sai an hau tudu ake samun layi. Na koma tsakar gida na tattara katin nan biyar a gaban baƙinsa, na ƙulle su a bakin zanena. Ba wanda ya hana ni. Na ji mai sanƙon nan yana tambaya a hankali ko wani abu ya faɗa ba daidai ba.

Ramatu ta komo da ni a babur. Da munka iso gida, kafin magariba, sai ta fashe. Ta ce na wulaƙanta ta, Rahila ce ke riƙe mata aiki in yaronta ba lafiya, da wane ido za ta dube ta ranar Litinin. Ta ce duk wannan tsoro a kaina yake, shekara sittin sun wuce, ba mai tuna wata akuya. Na kwance bakin zane na ciro katin da mai sanƙon nan ya buɗe, na rufe rubutun da babban yatsana, na miƙa wa babanku, wanda har ya koma ga Allah bai san harafi guda ba, kuma idonsa ya riga ya fara hazo.

"Alhaji, mi ka gani?"

Ya kai shi kusa da hanci. Bai yi daƙiƙa biyu ba.

"Gidan Agali. Na sayar musu da taguwa ta fi goma. Mi ya kawo shaidarsu cikin karta?"

"An ce su sunka jefa akuya a rijiya."

Ya tashi zaune. Kun san babanku da wasa, amma ranar bai yi ba. Ya ce wa ya ce? Na ce dutse. Ya dubi Ramatu, ya dube ni, ya mayar mini da katin da hannu biyu kamar mai miƙa garwashi.

"Habsu, in Tekna ta ji wanga a bakin wani, ba ke kaɗai kinka rasa ta ba. Ɗiyan wanki na can."

Ramatu ta ɗauki makullin babur ta fita. Wata huɗun nan daga nan sunka fara.

Abin da ya fi ci mini rai ba Daniyel ba ne, ba kuma takardar ba. Ni ce. Na yi shekaru ina taƙama na fita daga jahilci, har na manta akwai karatun da na fara iyawa tun kafin in yi wayo. Ina ƴar shekara shida nakan tsaya a bakin rijiya in faɗi mai kowace dabba daga nesa. Da na koyi boko sai na ɗauka abin da anka rubuta da harafi shi kaɗai ne suna. Na ɓoye mutanena daga masu lekol, na bar su tsirara a gaban waɗanda sunka san su. Kuma habbanayen da na yi ta yabo, ai mai ba da aron saniya yakan san halinta, yakan ce wa mai karɓa wannan tana harbi, kada ka tsaya a bayanta. Ni na miƙa tawa ban ce komai ba, don ina sauri in rubuta sunana.

Na auna abin ta kowane gefe. Takarda tana hannun Daniyel, in ya ga dama ya buga, ba alƙalin da zai tsaya mini. In na yi shiru anka sake zane kawai, wataƙila ba abin da zai faru, wataƙila majon ma bai buɗe kwalin wasan ba. Amma wataƙila ya buɗe tun makon jiya. Wataƙila yanzu haka maganar tana tafiya daga rijiya zuwa rijiya, ni ina Tawa ina shan ruwan sanyi. Kuma ko an goge shaidar, wanda ya sha ruwan nan zai gane gida biyar in ya ji an lissafa su. Igiyar ba tawa ba ce ni kaɗai. Hannu biyar sunka riƙe ta, ni kuwa na ba da aronta kamar a ɗakina anka binne ta. Ban san abin da Tekna za ta ce ba. Mace ce da ba ta ɗaga murya, in ta yi fushi sai ta ja mayafi ta rufe baki, shi ke nan kin mutu a wurinta. Wannan jan mayafin nake tsoro fiye da kowace kotu.

Da anka yi sallar asuba na ɗaura zane, na sa katin a ƙugu, na hau kabu-kabu zuwa gidan Daniyel. Lahadi ce. Rahila ta buɗe, shi kuma ya fito da farar riga a goge, za su majami'a. Da ganin idonsa shi ma bai samu natsuwa ba.

"Inna, lafiya?"

"Zan tahi Barmu. In karɓo kwalin nan, sannan in kai wa Tekna, ɗiyar mai shaidar, katinta da hannuna. Kai ma ina son ka zo."

"Ni? Me zan ce mata?"

"Abin da ka ce mini. Cewa adalci ne, dutse ke zaɓe. In ka iya hwaɗa mata a gaban idonta ta yarda, buga abinka ranar Litinin, ba ka sake jin bakina. In ba ka iya ba, sai mu zauna mu nemi wani ƙarshen da ba a kiran gidan kowa."

Ya dubi matarsa. Ya ce takardu suna jiransa, abokansa suna jira, kuma yau ranar ibada ce. Na ce na sani, ba na raba mutum da Ubangijinsa. Je ka yi ibadarka, ka roƙa muna sauƙi. Mota ba ta tashi sai ta cika, ina tasha.

Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Na wuce tasha na kama wuri biyu a motar Barmu, na zauna a ɗaya, na ɗora tafin hannuna a ɗayan. Rana ta ɗaga, anka ɗaure buhuna da tumaki a bisa, mota ta cika saura wurin nan. Sau uku direba yana leƙowa yana cewa Hajiya ɗauke hannu a sa mutum mu tahi. Sau uku ina ce masa akwai mai shi.